Garin da Danny Ya Kewaye a Taswira

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. A coci ana tambayata, a tashar bas ta Park Hill ana tambayata, har a cikin jirgin ruwan da ke ƙetare da mu zuwa Manhattan wani ɗan Jos ya biyo ni da kofin shayinsa yana cewa, "Oga Ishaya, wai da gaske ka shiga band ɗin makaɗa?" Ranar Asabar kuwa da na leƙa gidan abincin Hajiya Rabi a Harlem, tun daga ƙofa ta tafa hannu.

"Ei, Ishaya! Ka rame paa! Turawan nan ba su ba ka abinci kraa?"

Malam Isufu, mutumin Maraɗi da ke tuƙa manyan ofishin jakadancinsu, ya aje cokali ya jawo min kujera. "Bon, mon frère, zamna nan. Yau sai ka hwaɗa muna mi ka gani."

Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara gishiri. Har an fara cewa an kama ni da wiwi a boda. Shi ya sa na zauna zan rubuta shi daga farko, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ni direban motar kai marasa lafiya asibiti ne. Kowace safiya kafin in ɗauki mota nakan sayi shayi a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ruwa ta St. George, wurin wani saurayi Bature mai suna Danny. Siriri ne, gashi har kafaɗa, wandonsa a yage a gwiwa. Da farko na yi niyyar kawo masa tsohon wandona, sai matata Saratu ta ce in rufa wa kaina asiri, haka suke sayen abinsu. Yaro ne mai fara'a, ga gaisuwa. Ni na koya masa "ina kwana", shi kuma ya yanke sunana ya mai da shi Ish.

Ashe makaɗi ne. Su uku ne a ƙungiyarsu: shi yana waƙa da gita, wata mai suna Tina tana kaɗa ganguna, sai wani ƙato mai suna Mike da ke riƙe da doguwar gitar nan mai gurnani. Sunan ƙungiyar, in ka juya shi da Hausa, Ɓerayen Jirgin Ruwa. Ba su da kamfani, ba su da ubangida. Su ke buga kaset ɗinsu, su ke naɗe takardar bayansa da hannu, su ke rubuta wasiƙu garuruwa suna neman inda za su yi wasa. Da haka suka haɗa tafiyar kwana goma har Toronto a Kanada. Saura mako guda, wanda zai tuƙa su ya sami aiki ya zame. Tina da Mike haifaffun Brooklyn ne, ba su taɓa riƙe sitiyari ba, lasin Danny kuma ya daɗe da mutuwa. Ni ko ina da hutun mako biyu, ba abin da nake sai kallon talabijin Saratu tana aikena kanti.

Da na gaya mata zan tuƙa su, ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da ko a kwayar coci aka roƙe ka ka riƙa motsa baki kawai, me za ka yi cikin makaɗa?" Amma ita ce ta ɗaure min yaji da garin kuka da daddawa da goro, wai kada in mutu a hannun mutanen da ba su san miya ba.

Ranar tafiya muka shimfiɗa taswira a kan bonet. Danny ya riga ya ja hanyar da jan biro. Na bi ta da yatsa: Albany, Syracuse, Rochester, duk a kan babban titi miƙaƙƙe. Daga nan sai jan layin ya bar titi ya karkata arewa ta bakin tafki, ya yi ta kwana-kwana kafin ya isa boda.

"Danny, wannan kewaye fa? Ga titi kamar an ja da rula. Wannan zai ci mana kusan awa biyu a banza."

Ya ɗora yatsa kan wani ɗan ɗigo a gefen babban titin. "Babana yana nan garin. Shekara shida ba mu yi magana ba. Ba na so in ga ko allon sunan garin." Ya naɗe taswira ya shige mota.

Na tsaya baki buɗe. A garinmu ko abokin ubanka ne ba ka wuce ƙofarsa ba ka tsaya ka gaishe shi ba, balle uban da ya haife ka. Tina ta zo wucewa da ganga a ka ta ce min a hankali, "Ish, kar ka sa baki a wannan." Na ce to. Amma a raina na riga na gama shari'a: yaro ya bar karatu ya bi kiɗa, uba ya yi fushi, girman kai ya hana yaro ya je ya ba da haƙuri. Na ga irin wannan ya fi a ƙirga. Na ƙudura cewa kafin mu dawo New York sai yaron nan ya gai da ubansa.

Motar kuwa, Allah ya jiƙanta tun tana raye. Tsohuwar motar kaya ce irin ta masu gyaran famfo, har sunan mai famfon bai gama gogewa a jikinta ba. Ƙofar baya da tsirkiyar gita aka ɗaure ta. Sun shimfiɗa katako a kan akwatunan lasifika sun ɗora katifa, mutum ɗaya ya kwanta hancinsa na gogar rufi. Abin da ya fi ƙona min rai, ba ta da hon. Direban da ya koyi mota a Kaduna a hana shi hon, ai an ɗaure masa hannu ɗaya. Har muka fita daga New Jersey ina danna tsakiyar sitiyari ina jin shiru.

Wasan farko a Albany aka yi, da la'asar, a wani ɗakin taro da ke ƙarƙashin ƙasa. Mu muka sauke kaya, mu muka hau da su dandamali. A gida makaɗi yana da yara masu ɗaukar masa kaya, ya zo daga baya da babbar riga. Nan mai waƙa shi ne ɗan dako. Mutanen da suka zo ba su kai arba'in ba, kusan duk sanye da baƙi kamar masu zaman makoki. Tina ta ƙwanƙwasa sanduna sau huɗu, sai na ji abu ya doke ni a ƙirji. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Yarinya ƙarama, amma tana dukan gangunan nan kamar sun ci mata amana.

Ban gama farfaɗowa ba sai na ga samarin gaba sun kaure, wannan ya bangaje wannan, wancan ya faɗi an tattake shi. Na ce yau ga faɗa a gabana, kuma ni ne babba a wurin. Na kutsa tsakiya ina ɗaga hannu ina cewa su yi haƙuri. Na riƙe wani mai askin zakara ta baya, shi ko ya juyo ya rungume ni yana ihu, aka tura mu tare muka zagaya ɗakin sau biyu. Da ƙyar na fita, hulata ta bi wani wuri. Ashe rawarsu ke nan. Wanda ya faɗi, su ne dai ke ɗaga shi su kakkaɓe masa riga su sake bangaje shi.

Sai kuma na lura waƙa ta biyar ake yi ba wanda ya yi musu liƙi. Abin ya ba ni tausayi. Na hau dandamali na manna wa Danny dala ɗaya a goshi, gumi ya riƙe ta. Ɗakin ya kaure da sowa. Danny ya ƙarasa waƙar da ita a goshi yana dariya har ya manta baiti. Daga ranar, duk garin da muka je sai Mike ya ce a lasifika, "Ga Ish, direbanmu," a yi ta tafi. Daga nan ne jita-jitar shigata band ta samo tushe.

Maganar masauki ita ce ta fi ɗaure min kai. Kafin waƙar ƙarshe Danny yakan ce, "Jama'a, ba mu da wurin kwana. Wa ke da fili a ƙasa?" Na sunkuyar da kai don kunya. Amma kullum sai wani ya ɗaga hannu, mutumin da bai taɓa ganinmu ba ya kai mu gidansa. Wannan kam na yaba musu. Sai dai in an ce ƙasa, to ƙasar ce. A Syracuse wata ɗaliba ta sauke mu, ta nuna mana daɓe tsakanin kujera da firji, ita kuma ta shiga ɗaki da karenta. Da safe na hango karen nan ta ƙofa, a miƙe kan gado har da matashin kai, ni dattijo mai 'ya'ya biyu ina lallaɓa ƙugu. Da mahaifiyata ta ga baƙo a ƙasa kare a gado, da ta ce duniya ta zo ƙarshe.

Abinci kuwa Hajiya Rabi ba ta yi ƙarya ba. Taliya da jan ruwan tumatir, ko burodin nan mai cuku da ya kwana ya sandare, shi ne karin kumallo. Tina ba ta cin nama, wai tausayin dabbobi take ji, ita da ke dukan fata tun safe. Da na gaya mata haka ta ce gangunanta na roba ne. Yajin Saratu ne ya cece ni. Kafin kwana uku Mike ya fara barbaɗa shi har a kan ayaba.

Duk wannan ban manta da aikina ba. In muka tsaya shan mai, Danny ya je wayar bakin titi yana jefa kwabo yana tabbatar da wasan gobe, sai in jira shi da kofi biyu. In ce masa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In ce masa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yakan saurara har in gama, ya ce, "Wannan ta yi daɗi, Ish, zan sa ta a waƙa." Shi ke nan.

Akwai wata waƙa guda da suke yi a hankali, Danny ya rufe ido, ba bangaza ba ihu. A Rochester na tambayi Tina ta mece ce. Ta ce ta mahaifiyarsa ce, ta rasu shekara shida da suka wuce. Na ce Allah sarki. A raina kuma na ce to ai magana ta ƙara ƙarfi, tunda uban ne kaɗai ya rage masa. Ban tsaya na haɗa wannan shida da waccan shidar ba. Washegari muka bi jan layinsa ta bakin tafki, gonakin tufa hagu da dama. Awa biyu Danny ya jingina kai da gilashi yana kallon waje. Wanda ya manta da gida ba ya irin wannan kallon.

A boda muka sha kallo. Na karɓi takardun kowa zan miƙa wa ma'aikaciyar: fasfona da katin zamana, takardun haihuwarsu, da wasiƙar masu gidan wasan Toronto. Danny ya haɗa da mataccen lasinsa saboda hoton. Idona ya faɗa kan adireshin da ke jiki, lambar gida da sunan layi a wancan ɗan garin. Na karanta sau biyu na adana a ka.

Matar ta leƙo ta ga gashin Danny, ta ga ɗankunnen Mike, ta ce mu faka a gefe. Ma'aikata biyu suka zo da kare, aka sauke komai har katifa. Can sai ɗayansu ya ɗago wata leda daga jakata, cike da koren gari. Ya ɗaga ta sama yana duban mu ɗaya bayan ɗaya. Mike ya yi fari fat.

"Ish, me ka jawo mana?"

"Miya ce," na ce.

Na yi wa ma'aikacin bayani tiryan-tiryan: bishiya ce babba a ƙasarmu, a tsinko ganyen, a shanya, a daka, a kaɗa a tukunya. Ya shinshina, ya kira na biyun ya shinshina, aka kawo kare ya shinshina ya kau da kai. Sai suka kwance ƙullin daddawa. Karen nan ya yi atishawa ya ja da baya har ƙarshen igiyarsa.

"Wannan fa?"

"Ita ma miya ce."

"Mutane ke ci?"

Na ce har sarakuna. Suka shiga da ledojin ciki, suka daɗe, suka dawo min da kayana. Babban ya roƙe ni in ƙara wa daddawar leda biyu saboda sauran matafiya. Wannan ita ce wiwin da ake cewa an kama ni da ita.

Toronto ce ta biya mu wahalarmu. Ɗaki ya cika, kaset ya ƙare, har akwai waɗanda suka san waƙoƙin suna bi. Wanda ya shirya wasan ya kai mu gidan mahaifiyarsa, wata tsohuwa 'yar Fotugal, ta ba kowa gado da bargo. Don in rama alheri na shiga kicin ɗinta na tuƙa tuwon semo na kaɗa miyar kuka. Tina ta yi ƙari sau biyu tunda ba nama. Mike ya ƙona yatsu. Tsohuwar ta ɗanɗana ta ce miyar tana da santsi kamar tana so ta gudu. Muna ci ɗanta ya zo wucewa ya sumbaci tsakiyar kanta, ta ɗaka masa duka da tsumma tana dariya. Na dubi Danny. Ya tsayar da loma a hannu yana kallonsu, sai ya tashi ya ce zai duba motar. A ranar na sayi kwalbar zumar itacen nan da Kanada ke alfahari da ita, na haɗa da goro uku da kaset ɗaya da na ɓoye, na ƙulle a leda. Ba a zuwa biko hannu rabbana.

Da asuba muka kamo hanyar dawowa. Muka ƙetare boda ta Buffalo ba matsala, kafin mu fita gari duk ukun sun koma barci. Na ga inda ya kamata in karkata in bi jan layi. Na miƙe abina a babban titi.

Ɗan gari ne shiru, wata masana'anta a rufe a bakin shigarsa. Na tambayi wani mai raba wasiƙu ya nuna min layin. Na faka gida uku kafin gidan, na kashe mota a hankali, na ɗauki ledata. Yadda ake yi a gida shi ne babba ya fara shiga ya sanyaya zuciyar uba, sannan a shigo da yaro ya durƙusa. Na yi wa mutane da yawa, ban taɓa dawowa da kunya ba.

Na cire takalma a matakalar baranda na ƙwanƙwasa. Wani tsoho ya buɗe, dogo, kafaɗu faffaɗa, riƙe da jarida, hancin Danny sak a fuskarsa. Na durƙusa har ƙasa na aje ledar a gabansa.

Ya ja da baya. "Lafiya? Ba ka da lafiya ne? In kira asibiti?"

"Lafiya lau, Baba. Sunana Ishaya. Na zo ne a madadin ɗanka Danny." Na zuba masa Turancina na coci. Na ce yaro ya yi kuskure, ƙuruciya ce. Na ce duk abin da ya yi maka ka dubi Allah ka yafe, ɗa ba ya wuce ɗa. Na ce ga 'yar tsaraba, ba yawa.

Tsohon ya daɗe yana kallona.

"Shi ya ce maka shi ya yi laifi?"

"Bai ce ba, Baba. Amma ai tsakanin uba da ɗa..."

"Bai yi min komai ba." Ya dafa ƙofa. "Ya tafi New York da gitarsa, na yi fushi, na ce kada ya sake taka gidan nan. Bayan wata takwas uwarsa ta kwanta. Kwana goma sha ɗaya tana asibiti tana tambayarsa. Lambar wayarsa tana aljihuna. Na ce sai ya fara kira. Sai da aka binne ta da kwana biyu na aika masa kati."

Wallahi ji na yi kamar an kwara min ruwan ƙanƙara. Ina durƙushe a barandar mutum da goro uku, na zo neman gafara wurin wanda ya kamata ya nema. A garinmu ko gaba kuke da mutum, in mutuwa ta zo sai ka aika masa. Karambanin akuya, gai da kura. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tsoro ya kama ni, don na san abin da na jawo wa yaron da ya amince da ni ya yi barci.

"Yana ina?" in ji tsohon.

Na kasa ƙarya. Na nuna motar.

Ya sauka da silifas ɗinsa na ɗaki, na bi shi da safa. Kafin mu isa Danny ya farka. Na ga ya dubi layin, ya dubi gidajen, ya dubi mai tahowa. Sannan ya dube ni. Ya danna makullin ƙofa ya ɗaga gilashi har sama, ya miƙar da ido gaba.

Tsohon ya tsaya a bakin tagar. Ya kira sunansa sau ɗaya. Danny bai juyo ba. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. Tina da Mike suka fito ta baya suka tsaya kusa da ni. Sai tsohon ya juyo gare ni.

"Abin nan da ka yi a ƙofata. Haka ake yi a ƙasarku in mutum ya yi laifi?"

"Haka ne, Baba. Amma yaro ke yi wa babba."

Bai saurari ƙarshen ba. Ya dafa jikin motar ya fara sauka a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, har ya kai ƙasa a kan jiƙaƙƙen titi. Ya sunkuyar da kai. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa ganin uba a durƙushe gaban ɗansa ba. Na kau da fuska, idona ya cika.

Ban san minti nawa aka yi ba. Wata mata ta fito da shara ta koma da ita. Tsohon yana magana ƙasa-ƙasa, gilashi a rufe, ban sani ba ko ana jinsa a ciki. Can ƙafafunsa suka gaji. Ya yunƙura zai tashi ya kasa, ya sake yunƙurawa silifas ya zame, ya tafi gefe ya dafa kwalta da hannu. Na zabura zan ɗaga shi, Tina ta damƙe min riga ta baya da hannun nan nata na dukan ganga.

Sai muka ji makulli ya ɗaga.

Danny ya sauko ya sa hannu ƙarƙashin hammatar ubansa ya miƙar da shi tsaye. Ya kakkaɓe masa tsakuwa daga tafin hannu. Bai rungume shi ba.

"Ban yafe ba," ya ce.

"Na sani."

"Ban san ko zan iya ba."

"Na sani." Tsohon ya share hanci da bayan hannu. "Uwarka tana kan tudu, bayan coci. Ba ka taɓa ganin wurin ba. In nuna maka?"

Danny ya juyo gare ni. "Ish, ni da kai za mu yi magana."

"Na cancanta," na ce.

"Je ka sa takalmanka. Kai za ka kai mu."

Na kai su. Tsohon ya zauna a gaba yana nuna hanya da yatsa, Danny yana baya kan akwatin lasifika. A ƙofar maƙabartar na kashe mota, mu uku muka tsaya a nan. Suka hau tudun, uban a gaba yana ɗingishi, ɗan a baya da tazarar taku biyar, kuma har suka kai tazarar ba ta ragu ba. Tsohon ya nuna wani farin dutse, ya koma gefe ya tsaya da hannu a baya.

Daga inda nake na ga Danny ya tsaya a gaban dutsen yana karanta sunan. Sai ya cire hular da ke kansa, ya durƙusa har ƙasa. Wannan kam ba ni na koya masa ba.